Katin grafik: mai suna ko mai araha? Amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato katin grafik, allon nan da ake soka wa kwamfuta don ta iya ɗaukar gem masu nauyi. Ga waɗanda na zaɓa.

Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kwamfutar gem, kuma na tsaya a kan RTX 3060. A shago ɗaya na ga na ASUS, na ga na Zotac, amma na ASUS ya fi tsada nesa ba kusa ba. Mai shago ya ce ASUS ne orijina. Wanne zan ɗauka? Ɗalibi daga Samaru, Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dukansu orijina ne, mai shago so yake ka ɗauki wanda ya fi kawo masa riba. Ƙwayar da ke aikin a cikin katin, wato cip, ba ASUS ne ya yi ta ba, ba kuma Zotac ba. Ta Nvidia ce, yana sayar wa kamfanoni irin su ASUS, MSI, Gigabyte, Zotac, Palit da PNY, kowa ya ɗora ta a kan nasa allon, ya sa nasa ƙarfen sanyaya da nasa fankoki. Haka abin yake a ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin da ke yin cip, inda za ka ji su Sapphire, PowerColor, XFX da ASRock. In ƙwayar ɗaya ce kuma memorin ɗaya, gig 12 nan gig 12 can, bambancin gudu a cikin gem ɗan kaɗan ne, idonka ma ba zai kama shi ba.

Ƙarin kuɗin yana saya maka ƙarfen sanyaya mai kauri, fanka uku maimakon biyu, da rage ƙara. A garin da watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba abin rainawa ba ne, shi ya sa nake hana mutane ɗaukar mai fanka ɗaya ko da sunan wa ke jikinsa. Amma ka sani ASUS ɗin ma yana da na talaka da na mai hali: akwai Dual, akwai ROG Strix. MSI yana da Ventus, yana da Gaming X. Saboda haka ka duba ainihin samfurin da ke gabanka, sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Garantin kamfani kuwa da ake yi maka kwaɗayinsa, in katin daga Dubai ko Sin aka shigo da shi, ranar da ya mutu za ka gane wahalar mayar da shi. Garantin da zai yi maka rana shi ne wanda mai shago ya rubuta a rasit da hannunsa.

Ɗauki Zotac mai fanka biyu. Rarar kuɗin ka zuba ta a fawa sufulai mai kyau, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta.

Na ga GT 730 mai gig 4 da araha sosai. Abokina yana da GTX 1650, shi ma gig 4. Ashe ba daidai suke ba ke nan? Daga Funtuwa.

Wannan tambayar na amsa ta har na gaji. Girman mangala daban, ƙarfin jakin da zai ɗauke ta daban. Gig ɗin nan ma'ajiya ce kawai, ƙwayar ce ke jan kaya. GT 730 kati ne na 2014 da aka yi don nuna hoto a ofis, da yawansu ma tsohon memori DDR3 ke jikinsu. GTX 1650 ya ninka shi sau da dama. Don masu ƙirga gig irinka ake buga lambar da manyan baƙaƙe a kwali. Bar shi inda ka gan shi.

Malam, na yi odar GTX 1050 Ti ta intanet, sabo fil a kwali, kuɗinsa bai kai rabin na kasuwa ba. Windows yana nuna sunan daidai. Amma da na buɗe GTA V sai hoton ya wargaje, gem ɗin ya fita. Direban Nvidia, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya ƙi hawa, sai na faifan CD da ya zo da shi. Me ya lalace? Mai shagon gem, Gusau.

Babu abin da ya lalace, ɗan'uwa. Jabu aka sayar maka, kuma ina roƙon kowa ya tsaya ya karanta wannan amsar da kyau, domin wannan ita ce cutar da ta fi ƙona mini rai a harkar nan.

Ga yadda suke yi. Ana tattaro tsofaffin ƙwayoyi, galibi irin su GTS 450 na shekarar 2010, a ɗora su a kan sabon allo, a rufa musu roba mai ƙyalli, sannan a sauya ɗan rubutun da ke cikin katin, wato BIOS, wanda shi ne ke gaya wa kwamfuta sunansa. Windows ba ya bincike, abin da kati ya ce shi ne zai nuna. GTX 1050 Ti na gaskiya ya fito a 2016, yana da ƙananan injinan lissafi 768 da memori gig 4. GTS 450 yana da 192, memorinsa kuma yawanci gig 1 ne. Sai a sa shi ya riƙa cewa gig 4 gare shi. Muddin fim kake kallo ko ƙaramin gem, lafiya lau. Da zarar gem ya nemi wuri fiye da gig ɗayan nan da ke akwai da gaske, sai hoto ya wargaje. Abin da ka gani ke nan. Faifan CD ɗin kuma tsohon direba ne da aka zaɓa don asiri ya rufu.

Juya katin ka duba bayansa. In ka ga ramin nan shuɗi na VGA, magana ta ƙare, domin ƙwayoyin GTX 10 ba su zo da wannan tsohuwar hanyar haɗa monita ba. Duba kwalin kuma: akwai sunan kamfanin da ya haɗa shi? Jabu yawanci sai dai ka ga hoton dodo ko jirgin yaƙi da lambar kati, babu suna, babu adireshi. Sannan ka sauke manhajar GPU-Z, kyauta ce, ƙarama ce, ka karanta adadin injinan lissafin da ta nuna. Sau da yawa ma ita da kanta za ta rubuta maka a gefen sunan cewa jabu ne.

Akwai wani nau'in ha'incin da ya fi wannan wayo, kuma ya cika kasuwa. RX 580 na ainihi, wanda AMD ya fitar a 2017, yana da injina 2304. Akwai wani da aka yi don kasuwar Sin mai suna RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi RX 570 ne aka sauya wa riga. Ba jabu ba ne in an faɗa maka gaskiya kuma an rage maka kuɗi. Amma wa ke faɗa? Ɗan “2048SP” ɗin nan a ƙasa ake ɓoye shi da ƙananan baƙaƙe. Ƙari a kan haka, a watan Satumba na 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogara da katunan grafik wajen haƙowa, wato lissafin da ake yi don samar da sabon kuɗin, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Wasu an wanke su an sayar a matsayin na hannu, wannan da sauƙi. Wasu kuwa an ciro ƙwayarsu an ɗora a sabon allo, an buga wani suna da ba ka taɓa ji ba, an nannaɗe da leda an ce sabo ne. Kati na 2017 da ke fitowa sabo fil yau daga kamfanin da ba shi da tarihi, kai ma ka tambayi kanka daga ina ƙwayar ta fito.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini irin naka. Shekara guda yana aikin cajin waya yana tarawa. Da muka cire ƙarfen sanyaya muka goge maiƙon, sai ga lambar tsohuwar ƙwaya a rubuce ƙarara. Yaron bai ce uffan ba, ya dai zauna yana kallon katin. Wanda ya sayar masa ya riga ya toshe lambarsa. Har yau abin yana raina.

Ku kuma 'yan kasuwa da kuke karanta wannan shafi, na san da yawanku mutanen kirki ne, wasunku ma a sarin aka cuce ku. Amma wanda ya san jabu ne ya miƙa wa yaro, ya tuna hadisin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, aka ce wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Sauya wa kati suna irin wannan ne.

Mai saye shi ma yana da nasa laifin. An ce ba a cinikin biri a sama, amma sai mutum ya ga hoto a Facebook ko WhatsApp ya tura kuɗi. Kowa ya san inda dala take. In abu bai kai rabin farashinsa ba, ba don ana son ka aka rage ba. Ko a Beirut Road ta Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka sa a soka katin a kwamfuta a gabanka. A buɗe GPU-Z. A kunna gem mai nauyi ko manhajar FurMark ya yi rabin awa, kana kallon zafinsa, kana kallon ko ɗigo-ɗigo ko layuka za su bayyana a monita. Ka saurari fankokin, ka duba notuna ko an taɓa kwance su, ka duba tsatsa. A rubuta lambar jikin katin a rasit tare da kwanakin da za ka iya mayarwa. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin gwaji, ka yi masa sallama. Kuma in aka nuna maka sabon RTX 40 mai sunan EVGA, ka tashi, domin kamfanin ya daina yin katin grafik tun 2022.

Kai kuma na Gusau, ɗauki hoton abin da GPU-Z ya nuna, ka shigar da ƙorafi a shafin da ka saya tun wa'adin mayarwa bai wuce ba. Gyara kam babu.

Malam, ni uwa ce, ban san komai a kan kwamfuta ba. Kuɗin adashena na ɗauka na saya wa ɗana kati don yana koyon zane, yana kuma ɗan gem. Sunansa Palit. Abokansa sun ce ba su san shi ba, kuma wai fankarsa ba ta juyawa sai an jima. Na kasa barci. An cuce ni ne? Daga Maraɗi.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Palit tsohon kamfani ne na Taiwan, yana cikin manyan masu haɗa katunan Nvidia, sai dai bai cika talla ba kamar su ASUS, shi ya sa yaran ba su san shi ba. Fankar da ke tsayawa kuma da gangan aka yi ta haka a katuna da yawa: in aiki ba nauyi sai ta huta, in kati ya ɗau zafi sai ta tashi. In da tana ƙin tashi a tsakiyar gem ne, da shi ne abin damuwa.

Don zuciyarki ta samu natsuwa, ki sa yaron ya buɗe GPU-Z ɗin da na ambata ya gwada lambobin da na shafin kamfanin. Abin da zan roƙe ki shi ne ki tsare masa wuta da ƙura. A sa sitabilaiza, in da hali a ƙara da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma kada a bar kwamfutar a jone lokacin da ake sauyawa zuwa janareta. A ɗaga ta daga ƙasa a ɗora a tebur, nesa da bango kaɗan. Lokacin hunturu a riƙa buɗe ta ana hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi. Allah ya sa masa albarka, ya sa ki ci moriyarsa.

Ina da ƙaramar HP ta ofis, tokumbo. Zan iya sa mata RX 580? Daga Jos.

A'a. Ramin da ake soka kati a madabod, wato babban allon kwamfuta, wat 75 kawai yake bayarwa, RX 580 kuwa yana shan wajen 185, sai da ƙarin waya daga fawa sufulai. Irin waɗannan ƙananan na ofis fawarsu ƙarama ce, ba ta da wannan wayar, sau da yawa ma katin ba zai shiga akwatin ba. Kada wani ya ba ka 'yar wayar da ke jawo wuta daga mahaɗin hard disk, narkewa take yi. Nemi siririn GTX 1650 ko RTX 3050 mai gig 6, waɗanda ba sa neman ƙarin waya, ka auna akwatin da rula kafin ka biya.

Masu inbata da sola su ma su riƙa duba wannan lissafin. RTX 3060 yana shan wat 170, RTX 4060 kuwa 115, kuma batir ɗinka zai nuna maka bambancin kowane dare.

Kuɗina bai kai ba. In ci bashi a manhajojin lamuni in cika? Daga Kaduna.

Kada ka kuskura. Bashi mai ruwa a kan kayan wasa, wanda darajarsa ke raguwa kullum? Ranar da ka makara da biya za su bi lambobin da ke wayarka, har kawunka sai ya ji labari. Ci gaba da buga eFootball a abin da kake da shi, ka tara zuwa bayan sallah, sannan ka rubuto mini adadin da ya taru da irin fawar da ke cikin kwamfutarka, in gaya maka katin da ya dace.