Takarda ta ce "style Louis XV", dillali ya ce daga fadar sarki ta fito, in cika kuɗin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da kayan ɗaki ne a Kano, yawanci kayan Turkiyya nake yi da na gwanjo masu shigowa ta Kwatano. Wani maigidana ya ce in samo masa tsohon kayan Turawa na asali da zai sa a falonsa, sai wani dillali da ke zaune a Faransa ya turo min hotunan kaya biyu, durowa da akwati, ta WhatsApp, har na tura masa kafin alƙalami da kuɗin Alhajin. Ya ce min a saƙon murya durowar ta haura shekara 250, wai daga fadar sarkin Faransa ta fito. Jiya ya turo takardar gidan gwanjon, ga abin da aka rubuta: "Commode galbée de style Louis XV, placage de bois de rose, bronzes dorés, marbre rapporté, accidents et manques." Na biyun daga Italiya ne: "Cassone in stile rinascimentale, noce, con elementi antichi, difetti." Yarona ya sa Google ya fassara amma ban gane kan maganar ba, kuma wallahi tun jiya ban runtsa ba don kuɗin ba nawa ba ne. In cika masa ko in dakata?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji ka dakata, kar ka ƙara masa ko sisi tukuna. Takardar da ya turo maka da hannunsa ita ce ta ƙaryata shi, ko dai ya dogara da cewa ba za ka iya karantawa ba ko kuma shi ma bai iya ba, duk biyun kuwa babu na zaɓe.

Tunda kana cikin sana'ar ba sai na tsaya gaya maka mece ce commode ba, durowar nan ce mai faɗi ta jikin bango. Galbée na nufin gabanta da gefenta sun yi tumbi, ba miƙaƙƙu ba ne. Placage de bois de rose, an manna mata siraran yankan wani katako mai tsada na ƙasar Brazil a kan katakon ciki. Bronzes dorés su ne adon tagulla mai ruwan zinare, na hannun durowa da ƙafafu da kusurwa, in ka ga 'yan Ingila sun rubuta ormolu shi suke nufi. Marbre rapporté, marmarar da ke kanta ba tata ba ce, daga wani wuri aka ɗauko aka ɗora mata. Accidents et manques kuma ba hatsarin mota ba ne kamar yadda nake zaton Google ya gaya wa yaronka, ana nufin akwai karaya da ɓantarewa, wasu guntayen ma babu su. Duk waɗannan ƙananan magana ne, ana gyarawa ko a rage farashi.

Inda cinikinka ya lalace shi ne kalmar style, kuma a nan zan daɗe don gaskiya na gaji da wannan abu, kullum sai an turo min hoto ana murna an samu kayan Louis kaza, kana duba takarda ka ga style zaune a gaban sunan sarkin ba wanda ya kula da ita. Mutanenmu sun ɗauka da zarar an ga Louis XV ko Louis XVI ko Empire a jikin takarda shikenan kayan zamanin ne. Ba haka ba ne sam. A Faransa waɗannan kalmomin ba adon talla ba ne, doka ce ta tsara su, akwai dokar ranar 3 ga Maris 1981 da 'yan kasuwar ke kira décret Marcus, ita ta fayyace nauyin kowace kalma. In gidan gwanjo ya rubuta époque Louis XV ko d'époque, to ya ɗauki alkawari a gaban shari'a cewa a zamanin sarkin aka ƙera kayan, shi kuwa ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, in ta bayyana ba haka ba ne kana iya zuwa kotu a warware ciniki. Amma in ya rubuta style, ko dans le goût de, ko manière de, genre de, d'après, façon de, dokar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu tabbacin komai, ba na wanda ya ƙera ba, ba na lokacin da aka ƙera ba. Wato durowar da kafinta ya gama bugawa makon jiya ita ma style Louis XV ce in dai ta yi tumbi ta lanƙwasa ƙafa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Gidan gwanjon ya wanke kansa tas. Ƙaryar tana cikin saƙon muryar da dillalinka ya turo, shi kuwa saƙon murya ba rasit ba ne.

Akwai kalmomin tsaka-tsaki, attribué à na nufin akwai ƙwararan dalilai da ke nuna wane ne ya yi amma ba a rantse ba, atelier de kuma a shagonsa aka yi ko ƙarƙashin kulawarsa. Naka bai kai nan ba ma.

Kar ka fahimce ni a baibai, ba duk style ba ne tarkace. Zamanin Napoléon III, 1852 zuwa 1870, da shekarun da suka biyo baya har wajen 1900, attajiran duniya sun haukace da kayan ƙarni na 18, sai shagunan Paris, musamman unguwar Faubourg Saint-Antoine, suka duƙufa wajen kwaikwayo, kuma cikinsu akwai gwanaye irin su Henry Dasson da Paul Sormani da François Linke waɗanda aikinsu wani lokacin ya fi na wani ƙaramin kafintan zamanin sarkin tsada a yau. Amma in irin wannan ne gidan gwanjo ba ya ɓoyewa, da gudu zai rubuta sunan da kuma fin du XIXe siècle ko vers 1900, don nan kuɗin yake. Kai taka takardar ko ƙarni ba ta ambata ba, an ce style an yi shiru, a ganina wannan shirun ya fi komai muni. Shi Linke ɗin har Sarki Fu'ad na Masar ya yi wa kayan fada, kuma Misirawa sun riƙe salon nan gam, garin Dumyat cike yake da masu sassaƙa kujerun zinare har aka laƙaba wa salon Louis Farouk don zolaya. Kai da ke kawo kayan Turkiyya ka san irinsu, suna nan a falon manya da yawa. Ba laifi ba ne a saye su, kujeru ne masu kyau a zauna a sha shayi, laifin shi ne a sayar maka da su da farashin ƙarni na 18.

Zancen fada kuwa dariya ya ba ni. Bayan juyin juya halin Faransa an yi gwanjon kayan Versailles, fadar sarakunan Faransa, daga 1793 zuwa 1794, kashi sama da 17,000, don haka e, akwai kayan fada a hannun mutane. Amma kayan sarki suna da lambar rajistar ma'ajiyar fada, Garde-Meuble, a rubuce da tawada ko a ƙone a jikin katako, kuma littattafan rajistar suna nan ana bincikawa. In aka samu guda ɗaya na gaske gwamnatin Faransa da manyan gidajen tarihi ne ke layi a kai, ba ya yawo a WhatsApp da marmarar aro.

Na san abin da zai biyo baya. Kana yi masa wannan maganar zai turo maka hoton wani suna da aka buga a jikin katako ya ce ga estampille nan, ga shaida. To ka ji yadda take. Gaskiya ne ƙungiyar kafintocin Paris ta wajabta wa kowane maigida buga sunansa da ƙarfe a jikin kayansa, an tsara a 1743 ta fara aiki sosai a 1751, sau da yawa da haruffan JME a gefe na masu duba aiki, har aka rushe ƙungiyoyin sana'a a 1791. A jikin commode ana samunsa ne a saman ginshiƙi, ƙarƙashin marmara. Sai dai ƙarfen buga suna kowane maƙeri zai yi maka shi, ana kuma yanko guntun katako mai suna daga ruɓaɓɓen kaya a dasa a sabo. Shi ya sa masu katalog suke bambanta estampillée, wato sun tsaya a kai, da porte une estampille ko estampille rapportée ko apocryphe, wato akwai suna a jiki amma ba ruwansu. In kana ganin wannan tsoro ne kawai, a 2016 aka bankaɗo cewa ita kanta fadar Versailles an sayar mata da kujerun jabu na miliyoyin yuro, wani shahararren masanin kujerun ƙarni na 18 ne, Bill Pallot, ya haɗa baki da gwanin sassaƙa Bruno Desnoues, kotu ta same su da laifi a 2025. Masu digiri da kayan awo aka yi wa haka kayan na gabansu suna taɓawa, balle kai da ke cinikin biri a sama daga Kano.

In kana son ka gani da idonka, ka ce ya ɗage marmarar ya ɗauki hoto, ya zaro durowa guda ya kife ta, ya juya bayan kayan, duk da hasken rana. Bayan tsohon kaya ba a goge shi ba, katakon oak ne ko fir da ya yi duhu da kansa ba wai an shafa masa kala ba, haƙoran da suka haɗa kusurwar durowa manya ne kuma ba su yi daidai da juna ba don da hannu aka yanka, gindin durowa ya cinye inda yake gogar katako shekara da shekaru. Inda placage ya ɓantare ka dubi kaurinsa, na da da zarto aka yanka, yakan kai milimita biyu ko fiye, na inji kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Ka ga filawud, ko ƙusar bindiga, ko sukuru mai kan gicciye, magana ta ƙare. Ramukan ƙwaro ma kar su ruɗe ka, ana huda su da gangan.

Na Italiyan ma kanwar ja ce. Cassone akwatin kayan amarya ne na ƙarni na 15 da 16, kamar dai akwatin lefe amma na katako mai nauyin tsiya, noce katakon gyaɗar Turawa ne, difetti lahani. In stile shi ne style ɗin Faransawa, kishiyarsa d'epoca, ko su rubuta ƙarnin kai tsaye, XVI secolo. Con elementi antichi kuwa ana nufin an samo tsoffin guntaye, wataƙila allon gaba kaɗai, aka gina sabon akwati kewaye da su, aikin da shagunan Florence suka shahara da shi a ƙarni na 19 don masu yawon buɗe ido na Ingila da Amurka, Faransawa su ce composé d'éléments anciens. Tunda kana shiga harkar Italiya ka riƙe wasu kalmomi: pietre dure duwatsu ne masu daraja da aka yanka aka jera su hoto, aikin da gidan Medici, masu mulkin Florence, ya kafa wa masana'anta a garin a 1588, scagliola kuma farar ƙasa ce da gam da kala da aka goge ta yi kama da dutse, in ka ɗora tafin hannu ba ta kai dutse sanyi ba. Lacca povera ta Venice hotunan takarda ne aka yanka aka manna aka bi da man ƙyalli don ta yi kama da fentin Sin. Scagliola da lacca povera in tsoffi ne suna da darajarsu, amma ba farashi ɗaya ba ne da abin da suke kwaikwayo.

Ko da a ce kayan na gaske ne akwai sauran rina a kaba da dillalai ba sa faɗa. La'adar gidan gwanjo takan kai kashi 25 zuwa 30 a kan farashin da aka buga guduma. Italiya ba ta barin tsohon kaya ya fita sai da takarda, kuma ofishinsu ba ya sauri. In katalog ya ce ivoire, hauren giwa, ko écaille, ƙoƙon kunkurun teku irin na aikin Boulle, wani shahararren kafintan Faransa, ko palissandre de Rio, ka shiga hurumin yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, kwastan na can za su iya riƙe kayan kuɗinka ya bi ruwa. Sannan ga hunturunmu, gam ɗin da na fata da ƙashi ne, katakon ya saba da laimar Turai, iskar Janairu a Kano tana ɗaga placage ta tsaga allo cikin 'yan makonni in ba a kula da ɗakin ba. Kuma don Allah in ya iso kar a ba yaron shago Brasso ya dirje tagullar, zinaren fatar sama ce kawai, na da ma da zaiba aka ɗora shi a wuta, in ya tafi ya tafi kenan.

Yanzu ka nemi sunan gidan gwanjon da ranar gwanjo da lambar kayan, yawancinsu suna saka katalog a intanet har da kiyasin farashi, estimation, ka kwatanta da abin da ya ce ka biya, ina jin a nan za ka ƙara rasa barci. Sannan ka ce masa ka yarda za ka cika, da sharaɗin ya rubuta maka a facture, wato rasit, da sunansa da sa hannunsa, "d'époque Louis XV, XVIIIe siècle". In ya fara cewa ai duk ɗaya ne, ko Turawa haka suke rubutu, ka nemi kafin alƙalaminka. Shi kuma Alhajin ka same shi yau ɗin nan da takardar a hannu ka karanta masa yadda na karanta maka, wataƙila ma ya ce yana son durowar a matsayinta na kwaikwayo, sai a yi sabon ciniki da farashin kwaikwayo.