Tambayi Likitan Dabbobi: Tsohuwar Kyanwa, Ciwon Suga da Kuɗin Asibiti

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato kyanwar da ta manyanta kuma take fama da ciwon suga. Mutane da yawa sukan yi mamaki idan aka ce mage tana kamuwa da shi. Tana kamuwa ƙwarai, musamman muzurun da aka yi wa fiɗiya, ya yi ƙiba, ya kuma haura shekara 8 zuwa 10. Na fara da tambayar da ta fi gaggawa.

Tambaya daga wata Hajiya a Kaduna: Likita, kyanwata shekararta 13, shekara biyu ke nan ina yi mata allurar insulin ta Lantus safe da yamma, tana lafiya lau. Yau kwana uku tana amai, ta ƙi abinci, ta shige ƙarƙashin gado. In ci gaba da allurar ko in dakata?

Amsa: Hajiya, don Allah ki kai ta asibitin dabbobi yau, kada a kai gobe. Kyanwa mai shekara 13 daidai take da ɗan Adam da ya doshi 70, kuma kwana uku babu ci a jikin mai suga abu ne da nake jin tsoronsa ta fuska biyu. Idan insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, bai wadaci jiki ba, sai ya koma ƙona kitse, ƙonawar kuwa tana barin wani sinadari mai tsami a jini da ake kira kiton. Idan ya taru sai amai da kasala da bushewar jiki, wani lokacin numfashinta ya riƙa wari kamar na ruwan goge farce. Wannan ba ya warkewa a gida. Sai an ƙara mata ruwa ta jijiya, an riƙa ba ta insulin kaɗan-kaɗan ana auna jini. Fuska ta biyu ita ce hanta. Mage ba ta jure yunwa kamar kare, 'yan kwanaki kaɗan ba ci sai kitse ya cushe hantarta, idanu da dasashi su yi rawaya.

Kyanwar da ta shekara biyu sugarta na zaune lafiya ba ta rikicewa haka kawai. Kusan kullum akwai wani sabon ciwo da ya shigo a ɓoye. Waɗanda muka fi kamawa su ne kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin a gefen ciki, sai ciwon ƙoda, sai ƙwayoyin cuta a mafitsara, domin fitsari mai zaƙi gona ce a gare su. Akwai kuma ruɓewar haƙori, wadda masu kyanwa ba sa lura da ita saboda ba wanda ke buɗe bakin mage ya duba. A tsofaffi mukan duba ƙullutun tayirod na wuya, idan ya yi aiki fiye da kima sai ta rame alhali tana ci kamar gara.

Batun allura kuwa, cikakken adadi a cikin da babu abinci yana iya faɗar da suga ya kashe ta cikin sa'o'i. Dainawa gaba ɗaya na kwanaki kuma shi ke buɗe wa kiton ƙofa. Idan kina da na'urar auna suga, ko irin ta mutane ce, ki ɗan soki gefen kunnenta ki auna, ki kira likitanki ki faɗa masa lambar, shi zai ce a rage ko a tsallake. Idan babu na'ura kuma ba ki same shi ba, tsallake allura ɗaya ya fi sauƙin gyara a kan yin ta a makance, amma guda ɗaya tak, kina kan hanyar asibiti. Kuma ina roƙonki, kada wani a gidan ya ba ta Panadol don tausayi. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa.

Tambaya daga wani matashi a Zariya: Sirinjina ya ƙare, na sayi wani a kemis. Bayan na yi wa muzuruna allura sai ya fara tangaɗi yana karkarwa. Mene ne ya faru?

Amsa: Ɗana, ina zargin sirinjin. Insulin da aka fi yi wa kyanwa ƙarfi biyu ne a kasuwa. Na mutane irin su Lantus yana da yunit 100 a kowane mililita, na dabbobi irin su Caninsulin da ProZinc yana da yunit 40. Kowanne da sirinjinsa, an rubuta U-100 ko U-40 a jiki. Wanda ya zuƙi insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 ya ba da ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya, alhali idonsa yana ganin layin da ya saba. Ka ɗauko kwalbar da sirinjin ka haɗa lambobinsu tun kafin allura ta gaba.

Abin da ka gani faɗuwar suga ce. Idan ta sake faruwa, ka lakato zuma ka shafa masa a dasashi, kada ka ɗura masa ruwa a baki yana cikin wannan hali, zai iya shaƙewa. Idan ya farfaɗo ka ba shi abinci, ka kai shi a duba, domin insulin ɗin yana nan yana aiki bayan zumar ta wuce. Duk lambar da ta sauka ƙasa da 60 a na'urar da ke auna mg/dL abin tashi tsaye ce.

Idan kuma sirinjin daidai ne, akwai wani dalili mai daɗin ji. Wasu kyanwoyin, bayan watanni na allura da abinci mai kyau, jikinsu yakan dawo samar da insulin da kansa, adadin da ya dace da su jiya ya yi musu yawa yau. Gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Tambaya daga wani Malam a Kano: Ana ɗauke mana wuta kwana biyu a jere, ga zafin bazara. Ina zan ajiye insulin?

Amsa: Malam, mazauninsa na asali firij ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a tsakiya, nesa da wurin ƙanƙara, don idan ya daskare ya lalace ke nan ko da ya narke. Masu yin Lantus sun yarda wanda aka buɗe ya zauna kwana 28 a waje matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Dabarar da nake ba mutane ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ka sa maganin cikin leda ko gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi. Ba ta kai firij ba, tana dai ceton magani a lokacin rani. Lantus garau yake kamar ruwa. Ranar da ka ga ya yi gajimare ko gudaji, ka zubar.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Sakkwato: An gano kyanwata mai suga ta kamu da ciwon ƙoda. An rubuto mini gwaje-gwaje da abinci na musamman da albashina ba zai ɗauka ba. A gida ana ta yi mini gori wai ina zubar da kuɗi a kan mage. Na rasa yadda zan yi.

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta taɓa ni, don na sha ganin mutum ya karɓi takardar gwaji ya ce zai dawo, kunya ta hana shi cewa ba shi da hali, sai bayan wata guda a kawo dabbar tana gargara. Ki koma ki faɗa wa likitan adadin da za ki iya fitarwa duk wata, ƙarara. Ki tambaye shi a kan kowane gwaji: idan sakamakon ya fito, zai canja maganin da za a ba ta? Wanda ba zai canja komai ba yana iya jira.

Da ni ne, ga yadda zan jera. Insulin da sirinji ba a taɓa su, ba a kuma rage adadi don kwalba ta daɗe. Bayansu gwajin fitsari, wanda yake da araha kuma yana faɗin abubuwa da yawa: suga, kiton, alamar ƙwayoyin cuta, da ko ƙoda tana iya tace ruwa. Sai gwajin jini na ƙoda lokaci-lokaci, da awon hawan jini, domin hawan jinin da ke biyo ciwon ƙoda yana makantar da kyanwa dare ɗaya. Hoton ciki yana da amfani, sai dai sau da yawa yana iya zuwa daga baya.

Akwai wuraren da kuɗi ke zurarewa ba dalili. Babbar kwalbar Lantus yunit 1,000 ce, kyanwar da ke karɓar yunit 2 sau biyu a rana kuwa 120 take ci a wata, sauran sai ya lalace. Ƙaramar mai kama da biro yunit 300 ce, ita ta fi dacewa da ke. Auna suga a gida ma ya fi arha a kan kwantar da ita wuni guda a asibiti, ya kuma fi gaskiya, saboda tsoro kaɗai yana ɗaga sugar mage ta yi sama. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta lambar, da abin da ta ci, da yawan ruwan da ta sha, da nauyinta duk mako. Ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, idan likita ya ce tana buƙata, abu ne da za a koya miki ki riƙa yi da kanki. Kuma kina kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai irinsa a Zariya da Maiduguri. Ki je ki ji farashinsu ki kwatanta.

Abinci ne wurin da ciwukan biyu suke karo. Suga tana son nama da yawa, sitaci kaɗan. Ƙoda tana son a rage sinadarin fosfaros, wanda ya yi yawa a nama da ƙashi da kifi. Idan ƙodar ta yi nisa, ita mukan bi, mu daidaita insulin da sabon abincin. Idan na gwangwani ya fi ƙarfinki, ki nemi likita ya tsara miki na gida, don nama zalla na tsawon lokaci yana barin ta da ƙarancin sinadarin ƙashi. Ki raba ta da ragowar tuwo da shinkafa da burodi, da miyar da aka sa wa albasa ko tafarnuwa, waɗannan biyun suna fasa ƙwayoyin jininta. Fiye da komai, ta ci. Abincin da ya ɗan gaza amma ta cinye ya fi mai tsadar da ta juya wa baya.

Gorin mutanen gida kuwa, ki tuna musu cikin ladabi da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ba a ɗora miki ki ci bashi ko ki tauye 'ya'yanki ba. Ciwon ƙoda ba ya warkewa, ana dai rage masa gudu, wasu har shekaru. Ranar da kika ga ta daina ci, ta daina lasar jikinta, kwanakin wahala sun fi na daɗi yawa, ki zauna da likitanki ku yi magana a fili kan yadda za a sauƙaƙa mata, ki kuma tuntuɓi malamin da kika amince da shi idan zuciyarki ta ƙi kwanciya.

Tambaya daga wani bawan Allah a Maraɗi: Mahaifiyata tana shan ƙwayar suga. Zan iya gutsura wa kyanwata a madadin allura?

Amsa: A'a, Malam, ka bar wa Mama maganinta. Ƙwayoyin sugar mutane irin su Metformin ba sa riƙe sugar mage yadda ake so, sukan jawo mata amai da ƙin abinci. Gaskiya ne a Amurka an amince da maganin sha na kyanwa, Bexacat a ƙarshen 2022 da Senvelgo a 2023, amma an yi su ne don wadda aka gano wa ciwon yanzu, tana da ƙarfinta, kuma ba a taɓa yi mata insulin ba. Ga wadda ta saba da allura suna iya jawo taruwar kiton alhali na'ura tana nuna suga daidai. Idan tsoron allurar ne ya dame ka, bakin allurar siriri ne ƙwarai. Ka ɗaga fatar gefen haƙarƙarin kyanwar lokacin da ta sa kai a kwano, ka riƙa canja wuri kowace rana.