Amsa ga ƙanena a Damagaram: fara aikin tun kana gida

Ƙanena, na karanta saƙonka. Ka ce ka kusa gama karatun kwamfuta a Jami'ar André Salifou, kana son fitowa waje ka ƙaro ilimi, kuma kana tambaya me za ka tanada ban da takardun makaranta.

Hanya ta yi wuya, wannan ka sani. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, neman biza ya ƙara nisa da tsada. Kada ka zauna jiranta hannu rabbana. Ka shiga aikin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda aka bar kod ɗinta a fili kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. A nan inda nake, duk mai ɗaukar ma'aikaci ko malamin da zai karɓi ɗalibi yana so ya ga abin da hannunka ya yi. Bai san makarantarmu ba, amma gyaran da ka aika GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin wannan kod ɗin, aka karɓa, zai buɗe ya gani da idonsa.

Na san za ka ce wuta da intanet. Git, wato kayan aikin da ke ajiye tarihin gyaran kod, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ba ya buƙatar intanet sai lokacin saukewa da turawa. Ka sauke aikin sau ɗaya, ka yi ta gyara a ɗakinka, in sabis ya samu ka tura.

Kada ka fara da babban aiki irin Linux don sunansa. Nemi ƙaramin aiki wanda kai kanka kake amfani da shi, ka karanta ƙa'idojin da suka rubuta wa masu taimako, ka duba matsalolin da aka yi wa alamar "good first issue", wato waɗanda suka dace da sabon shiga. Za su iya mayar maka da gyaranka sau da yawa, ko su yi makonni ba su amsa ba. Ba raini ba ne. Yawancinsu aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin. Abin da ba sa yafewa shi ne ka tura kod ɗin da na'ura ta rubuta maka alhali ba ka fahimce shi ba. Kuma ka dage da Ingilishi, don da shi ake yawancin tattaunawar, Faransancinmu bai isa ba.

Akwai kuma abin da ka fi mu da muke waje. Lungunan Birni da Zango kai ka san su, za ka iya sa su daidai a taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya gyarawa ta intanet. Common Voice na Mozilla, shirin da ke tara muryoyi don koya wa na'ura jin magana, yana karɓar muryoyin Hausa, kuma ina so ƙwarai a ji harshen Damagaram a ciki, kada na'ura ta san Kananci kaɗai.

Maganar kuɗi: Google Summer of Code, shirin Google na shigar da sababbi aikin buɗaɗɗiyar manhaja, yana biyan masu shiga, kuma tun 2022 ba sai ɗalibi ba. Outreachy, wani shiri irinsa, yana ba da dala 7,000 na wata uku, daga gida. Gasar tana da zafi, kuma wanda masu aikin suka riga suka san gyaransa ya fi samun shiga. Shi ya sa nake so ka fara yanzu.

Ka buɗe asusun GitHub a makon nan, ka turo min sunan aikin da ka zaɓa, mu duba tare. Ka gaida su Inna da mutanen gida.