Kafin ki sayi injin, ki fara ƙirga kwalabenki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata mai tambayar jiya da daddare, na ga saƙonki tun a lokacin, hannuna ne ke cikin tunkuza, wato markaɗen gyaɗar da aka fitar wa mai, shi ya sa sai yanzu. Kin ce kin haɗa kwasar adashinki da kuɗin 'yan kunnen da kika sayar, sun kama naira dubu 400, kina son shiga sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma kina tambaya ko ki sayi ƙaramin injin matsa tun farko. Na ga mutum uku sun ce miki ki saya, wai aikin hannu ya zama tsohon yayi. Ni dai amsata ita ce kada ki saya, ba yanzu ba. Ki yi haƙuri da tsawon bayanina, tun kakar 2016 nake shan hayaƙin nan, kuma injin da kike magana na taɓa saye.

Da dubu 15 na fara, shekarar da komai ya yi tsada, albashin maigidana ba ya kai mu 20 ga wata. Gwaggona ce ta koya min a tsakar gidanta. Ranar farko ko kasko ba ta bari na taɓa ba, tiya 5 ta zube min a tabarma ta ce in tsince. Na tsince har wuyana ya ƙage, na kai mata ina jin kaina. Ta watsa a faifai, ta kaɗa sau biyu, sai ga ta tana fito da ruɓaɓɓu da motsattsu da waɗanda cikinsu ya yi baƙi, har suka kusa cika gwangwanin madara. Ta ɗauki ɗaya ta ce in tauna. Har yau idan na tuna sai yawuna ya tsinke don ɗaci. Irin wannan ƙwayar, 'yan kaɗan sun isa su ɓata miki suya guda. Daga baya ne na san cewa fumfunar da ke kama gyaɗar da ba ta bushe sosai ba tana haifar da wata guba, aflatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Ba a yi injin da zai yi miki wannan tsintar a kuɗin da kike da shi ba.

Sauran aikin kin san shi a baki: a soya gyaɗa sama-sama kada ta ƙone, a murje, a bakace, a kai markaɗe. Inda ake gane gwana shi ne wajen fitar da mai. Kin juye markaɗen a turmi, ruwan zafi na gefe, kina tsiyaya kaɗan kina juyawa. Da fari abin zai yi kamar ba zai yi ba, ya yi kauri, ya riƙe taɓarya, kafaɗa ta fara zafi. Can sai ki ga fuskarsa ta fara sheƙi, tunkuza ta dunƙule gefe guda, mai ya taso yana kewaye ta. Idan kika yi garaje kika maka ruwa da yawa, shi kenan, ya koma kunu, man ya shige ciki. Sau biyu na yi wannan ɓarnar a satin farko, na zauna na yi kuka, Gwaggo tana min dariya.

A hannuna, tiya ɗaya ta gyaɗa mai kyau tana ba da wajen kwalba ɗaya ta mai, wani lokaci ta ɗara kaɗan, wani lokaci ta gaza, gwargwadon irin gyaɗar da bushewarta. Ki riƙe wannan, don a nan maganar take. Idan kika sayar da kwalbar nan, da ƙyar take dawo miki da kuɗin tiyar. Gwaggo ta sha gaya min cewa shi man, uwar kuɗi yake dawowa da ita, riba tana cikin ƙuli. To injin matsa irin wanda na saya yana tatse gyaɗar ne ƙarƙaf, ya fitar miki da dusa busasshiya mai tauri kamar ɓawon itace. Man ya ɗan fi yawa, gaskiya ne, amma abin da ya rage ba ya mulmuluwa, masu haɗa abincin kaji da dabbobi ne kasuwarsa, su kuma da buhu-buhu suke saye a wajen manyan masana'antu, ba za su zo gidanki don rabin buhu ba. Kin ga kin sayi inji da kuɗinki ya cinye miki ɓangaren da ribar take.

Nawa a 2019 na saya, bayan na ga wata ta sa hoton nata a Facebook ana ta yaba mata. Ban tambayi irin wutar da yake ci ba. Wutar unguwarmu idan ta zo ba ta da ƙarfin tayar da shi, sai ya yi gurnani ya tsaya. Ƙaramin janareton gidanmu kuwa ko motsa shi bai yi ba. Wata 7 yana zaure an lulluɓe shi da tsohon zani, kaji na kwana a kai. Ƙarshe na sayar da shi ƙasa da rabin kuɗinsa, kakar shekarar kuma ta wuce ni ban ajiye ko buhu ɗaya ba, don jarin yana zaure yana tsatsa. Alhali a bakin titinmu akwai mai inji da ke markaɗe, har da na juya tunkuza, kina biyan kuɗin tiya ki kwaso kayanki. Shi ke fama da man dizal da gyara da bel ɗin da ya tsinke, ba ke ba.

Amma fa ba injin ne ya fi cutar da ni ba. Shekara biyu na farko ina aiki kamar jaka, kullum ciniki, kullum tiya 10 ɗin nan ce, ba ta ƙaru ba. Har na fara zargin baki. Ƙanina da ke zaman shago a Kantin Kwari ne ya zo wata Juma'a, ya ce in kawo littafina. Na ce wane littafi? Ya yage tsakiyar littafin makarantar ɗiyata, ya ce in faɗa masa duk abin da na kashe a suyar jiya. Na ce gyaɗa. Ya ce sai me? Muka shiga lissafi: itace, markaɗe, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, gishiri, citta, barkono, sukari, leda, kwalaben da nake saye wajen yara, sabulun wanke su. Sannan ya tambayi man da muke girki da shi a gida daga ina yake. Na yi shiru. Ƙulin da nake ƙulla wa duk baƙuwar da ta shigo fa? Kuɗin cefane da nake zara idan maigida ya fita bai bari ba, da na biki, da na anko? Da ya ja layi ya haɗa, sai ga shi sana'ar tana kawo riba, gidan ne ke lashe ta tun kafin ta kwana.

Daga ranar na sami gwangwani biyu. Ɗaya na sana'a, ba ya buɗuwa sai don gyaɗa da kayan aiki. Ɗaya nawa, duk ranar Alhamis nake yanka wa kaina abin da zan ɗauka, in ya ƙare ya ƙare. Na kuma zauna da maigida da lallami na ce daga yau man gida saye za a riƙa yi, ko da a sari ne. Ya yi dariya ya ce yau kuma mun zama kwastoma, amma ya yarda, Allah ya saka masa. Ki yi wannan zaman da naki maigidan tun kafin ki kunna wutar farko, ya fi sauƙi a kan ki zo yi daga baya. Cikin wata 6 na koma sayen buhu, tiya 40, na fara zuwa kasuwar Dawanau da kaina maimakon aike.

Sai bashi. An ce hanji ne, yana cikin kowa, to ni nawa ya kusa tsinkewa. Wani mai shago ya fara karɓar jarka ɗaya yana biya lakadan, sau huɗu babu matsala. Na biyar ya ce jarka 3, zai biya ƙarshen sati. Ƙarshen sati ya zama ƙarshen wata, ina aika yaro yana dawo da "gobe". Wata rana yaron ya dawo ya ce shagon a kulle, an ce ya tashi. Ban kai ƙara ko'ina ba, ba shaida, ba rubutu. Yanzu ba na hana bashi gaba ɗaya, ƙarya ne a ce ana kasuwanci ba shi, amma ba wanda zai riƙe min abin da ya wuce ribar sati ɗaya, kuma ba a ɗora sabo a kan tsoho. Dangi sun fi wuyar sha'ani. Su gara ki ba da kwalba ɗaya kyauta ki san kin yi zumunci, da ki ba da uku bashi ki rasa kuɗin ki rasa gaisuwa.

Abin da ya ɗaga ni ba masu sayen kwalba ba ne. Wani mai tsire ne a bakin kasuwa, da na aika masa garin ƙuli cikin leda ya gwada a yajinsa. Ya dawo ya ce nawa ba ya ɗaci kuma ba yashi, in riƙa kawo masa duk kwana uku. Shi ya haɗa ni da masu kilishi, su tunkuza ɗanya suke so don haɗa labu, wato haɗin da ake tsoma naman a ciki, ba ma sai na sha wahalar mulmula da suya ba. Mutum biyar irin waɗannan, masu saye ko ana ruwa ko ana rana, sun fi min mabiya dubu a waya. Ki nemi naki tun kafin ki ƙara yawan suya: masu tsire, masu kilishi, mata masu kwaɗon zogale da rama, masu abincin sayarwa a bakin makarantu.

Wayar ma ta yi ranarta. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, ga azumi ya shigo, shaguna a rufe, sai matan unguwa suka koma nema a WhatsApp. A nan na fara ɗaukar hoto, na koma zuba mai a sababbin robobi maimakon kwalaben tsinta. Bayan an buɗe hanya wata ta kai wa 'yar uwarta tsaraba Abuja, daga nan saƙo ya fara zuwa daga Legas da Fatakwal, mutanenmu da ke can suna kewar ƙamshin man ƙuli. Wata 'yar Sakkwato ta rubuto tana neman ƙarago, sai da na tambaya kafin na gane ƙulin take nufi. Kayan da nake aikawa ta tasha kuwa, ba sa tafiya sai kuɗi ya zauna a asusuna, na buɗe na gani da idona, ba hoton rasit ba. An taɓa yi min na bogi sau ɗaya, ya ishe ni.

Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, na je kasuwar Dambatta ranar Lahadi da kuɗi cike a asusu, na dawo hannu rabbana. Manomi ya ce shi bai san taransifa ba, takarda yake so, mai POS kuma ya ce ba ko sisi. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu, kuɗin mota da na markaɗe suka yi sama a sati guda. Waɗanda ba su da littafi sun ci gaba da sayarwa a tsohon farashi don kunyar kwastoma, suna cin uwar kuɗi ba su sani ba. Mata biyu da muka fara tare a nan suka ajiye. Ni na ƙara kuɗi a satin, wasu suka yi fushi suka tafi wajen masu sirka man da na waken suya, da suka ga yadda yake a miya suka dawo.

Game da ajiya, gyaɗa takan yi sauƙi idan sabuwa ta shigo, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ta kuma yi tsada idan damina ta kama. Amma kada ki ɗauka dole ne. A 2025 mun ga yadda masara da shinkafa suka faɗi, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Ni abin da zan sarrafa nake ajiyewa, ba don in jira tsada ba. A ɗora buhu kan katako, kada ya jingina da bango, kuma mai ɓawo ta fi jure ajiya a kan ɓararriya. Idan za ki saya, ki zura hannu har tsakiyar buhu, ki ɓalla ƙwaya da haƙori. Busasshiya ƙas take yi.

Rajista ma kin tambaya. Ta sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta da wuya, kuma da ita za ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar, wanda shi ne gwangwanin zamani. Lambar NAFDAC kuwa sai kin shirya shiga manyan kantuna: za su zo su duba wurin aiki, suna son ɗaki na musamman ba madafin gida ba, kuma man girkin da za a sa a kasuwa da lamba doka ta ce a ƙara masa bitamin A. Wannan ba aikin watan farko ba ne.

Da ni ce ke da dubu 400 ɗin nan, zan sayi tiya 5 kawai, in nemi tsohuwar da ta iya in zauna gabanta sati biyu, in biya ta ladanta. In yi suya uku, kowace in rubuta abin da ya shiga da abin da ya fito, har ledar ƙarshe. Rabin kuɗin ba zan taɓa shi ba sai na sami masu saye na dindindin aƙalla uku. Yau mata huɗu ke aiki tare da ni, muna tashin buhu biyu zuwa uku a sati, kuma har yanzu wajen mai injin bakin titi muke kai markaɗe. Idan kin yi suyar farko, ki ɗauki hoton shafin littafin ki turo min, ba hoton ƙulin ba, mu duba tare mu ga kwalba nawa tiyarki ta bayar.