Tambayi Likita: lafiyar baƙaƙen maza a Amurka, gado ne ko halin rayuwa?

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan satin kusan duk hanya ɗaya suka bi, shi ya sa na haɗe su.

Wani bawan Allah mai tuƙa tasi a New York ya rubuto: "Likita shekarata 44, an auna ni jinina 150/95, abokin aikina ya ce wai mu baƙaƙe haka jininmu yake, gado ne, ba yadda za a yi. Gaskiya ne?"

Ɗan uwa, abokinka ya kama wutsiyar magana ya bar kanta. Gaskiya ne sama da rabin baƙaƙen manya a Amurka suna da hawan jini, kuma yana kama su da wuri fiye da farare. Amma in gado ne kaɗai, me ya sa da Dokta Richard Cooper da abokan aikinsa suka auna baƙaƙe a nahiyoyi daban daban a 1997 suka samu masu hawan jini kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a yankin Karebiyan, kashi 33 a Amurka? Tsatso ɗaya ne fa, wurin zama ne ya bambanta. Kai ka duba ranarka, awa 12 a zaune bayan sitiyari, abincin da ke kusa da hannu soyayye ne mai gishiri, barcin awa huɗu ko biyar, ga kuɗin haya ga na turawa gida, ga faɗuwar gaba duk lokacin da fitilar ƴan sanda ta hasko ka ta madubi. Jiki ba ya mantawa da irin wannan, sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, wato kotisol da adirenalin, suna ta zuba kullum, jijiyoyin jini su taurare, zuciya ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta. Wata malamar jami'a Arline Geronimus tun 1992 ta kwatanta abin da zaizayewa, kamar yadda ruwan sama ke cin katanga a hankali. Kafin korona baƙin namiji a Amurka yana rayuwa kusan shekara 71, fari kusan 76.

To amma 150/95 ba abin zuba wa ido ba ne, shi ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki da wankin ƙoda. Ka sayi na'urar awo ta dantse, ka auna safe da yamma na sati ɗaya ka rubuta, ka kai wa likita. Amlodipine da magungunan da ke sa fitsari sun fi yi wa baƙaƙe aiki in magani ɗaya za a fara da shi, kuma ba su da tsada. A duba maka ƙoda da suga ma.

Wata baiwar Allah daga Atlanta ta ce: "Maigidana ya ƙi asibiti sam, ya ce ba ya yarda da su kuma ba mu da inshora. Ya zan yi da shi?"

Hajiya kar ki ɗauka taurin kai ne kawai. A Tuskegee da ke jihar Alabama, daga 1932 har 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta riƙa bin baƙaƙen maza 399 masu ciwon tunjere ba tare da ba su magani ba, don a ga yadda cutar ke cin jiki, alhali fenisilin ya samu tun shekarun 1940. Sai 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Har yau likitoci baƙaƙe ba su wuce kashi 6 cikin 100 ba, alhali baƙaƙe sun kai kashi 13 na jama'ar ƙasar. Sannan jiharku Jojiya na cikin jihohin da ba su faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, gaba ɗaya ba bayan dokar inshorar lafiya ta Obamacare ta 2010, to mai ƙaramin albashi sai ya tsinci kansa a tsakiya, ba gwamnati ba kamfani. Na taɓa ganin wani dattijo ya zaro kwalbar maganinsa daga aljihu, duk ƙwayoyin ya raba su biyu da reza don na wata ɗaya ya kai shi wata biyu, wallahi har yau abin yana min ciwo.

Akwai cibiyoyin lafiya na unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, suna karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum, ko ba inshora za su duba shi. Ki nemo na kusa da ku, ki raka shi, in ya fi sakewa da likita baƙi ku nema, ba laifi ba ne. A Los Angeles an yi gwaji a shagunan aski 52, aka kai masu haɗa magani wasu daga cikinsu, sakamakon ya fito a 2018, jinin mazan da suka duba ya sauka da maki 27 cikin wata shida, saboda a inda suka yarda da mutane aka same su. Ke ma ki bi ta bakin wanda yake jin maganarsa, liman ne ko babban yayansa.

Na ƙarshe wani matashi a Landan: "Babana yana da shekara 47, lafiyarsa ƙalau, sai an duba masa furostet?"

E, a duba. Furostet wani ƙullutu ne a ƙasan mafitsara, kansarsa tana kama baƙo ɗaya cikin 4 a Ingila, sauran maza ɗaya cikin 8, kuma a farko ba ta nuna alama ko kaɗan. Nan kam akwai hannun gado, amma abin da ke ƙara yawan mutuwa shi ne zuwa a makare. Baƙin namiji daga shekara 45 ya kamata ya yi maganar da likitansa, gwajin jini ne mai suna PSA, ba abin jin kunya a ciki, kuma a asibitin gwamnati na NHS ba zai biya ko fam ɗaya ba. Ka tambayi Baba ko mahaifinsa ko wani ɗan uwansa ya taɓa yin ciwon, ya faɗa wa likitan ranar da ya je.