Tambaya da Amsa: Ga yaro mai rarrafe, ga kyanwa, wace shuka zan ajiye a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mun tare a sabon gida, ina so in gyara falo da tsakar gida da shuke-shuke. To amma ina da yaro ɗan wata goma, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, ga kuma kyanwar maigida da ba ta ƙyale ganye. Aminiyata ta ba ni wata shuka mai faɗin ganye, kore da ɗigo-ɗigon fari, ta ce ba ta son rana. In ajiye ta a falo? Waɗanne zan saya? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya raya mana yaro.

Kafin komai, ki ɗauke wannan shukar daga inda yaron yake, yau ɗin nan. Yadda kika kwatanta ta, ina kyautata zaton ita ce difenbakiya, kuma na san ta farin sani. Autana yana da shekara ɗaya da rabi lokacin da ya gatsi karanta a barandarmu. Ina kicin na ji wata irin ƙara da ban taɓa jin ya yi ba. Na iske shi yana dirzar baki da hannu biyu, yawu na dalala har ƙirji, leɓen ƙasa ya fara tashi. Na zare guntun ganyen daga bakinsa, na wanke, muka nufi asibiti da reshen shukar a leda. Allah ya taƙaita, amma kwana biyu ruwan sanyi da kunu kawai yake iya haɗiya.

Kin san yadda ɗanyen gwaza yake ƙaiƙayi a maƙogwaro? To danginsu ɗaya. A cikin ganye da kara akwai wasu ƙananan tsinaye kamar allura waɗanda ido ba ya gani, da an tauna sai su soki harshe da maƙogwaro. Yawanci abin yana tsayawa a raɗaɗi da kumburi, amma kumburin kan iya taɓa numfashi, kuma maƙogwaron jariri ƙarami ne. Duk shukar ado mai ganye irin na gwaza ki ɗauke ta a haka, har da mai yaɗon nan da ake tsomawa a kwalbar ruwa ana cewa tana kawo kuɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba na falo ba ne, na tsakar gida ne, waɗanda muka saba gani har muka daina ɗaukarsu a bakin komai. Bini da zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, yara su ci, sai amai da gudawa har jiki ya saki. Zurma kuwa ƙwayarta kyakkyawa ce mai zane-zane, gubar da ke ciki tana iya kisa idan aka tauna. Haka idon zakara, jan nan mai ɗigon baƙi da yara ke tsinta suna wasa. Zaƙami ba sai na faɗa miki ba. Sannan kariya, wadda yanzu ake sayarwa a tukunya da tsada saboda jan furenta da kumburarren gindinta: da ruwanta ake dafin kibiya da kashe kifi a sassan Afirka, gubarta zuciya take taɓawa. Ita ma oliyanda, mai siririn dogon ganye da fure ruwan hoda ko fari ko rawaya da ake jerawa a bakin katanga, haka take tun daga saiwa har fure. Akuya ma idan ta ci tana iya mutuwa, kuma ba a hura wuta da itacenta.

Ni dai ga ma'aunin da nake bi. Idan na karya ganye na ga farin ruwa kamar na tumfafiya ko tinya, ba ta shigo mini gida. Idan tana 'ya'ya masu ɗaukar ido, su ma a'a. Amma wannan ma'aunin ba ya kama duka, shi ya sa ba na biyan kuɗi sai na san sunan shuka. Mai sayarwa a bakin titi zai ce miki “Hajiya ba ta da matsala”, kuma ba ƙarya yake nufi ba, shi dai raino ya iya. Ki ɗauki hotonta, ki nemo sunan, ki duba a jerin da ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta ajiye a intanet na shuke-shuke masu guba da marasa guba ga kyanwa da kare.

Batun kyanwa, abu ɗaya nake so ki riƙe da kyau: furen lili, irin wanda ake haɗawa a damin furanni na biki ko na kyauta. Ɗan ganye kaɗan, ko garin furen da ta lasa a jikinta, ko ruwan kwalbar da aka tsoma shi, ya isa ya kashe mata ƙoda cikin kwanaki kaɗan. Alobera da moda mai tsayayyen ganye kamar takobi ba su kai nan ba, amma suna sa ta amai da gudawa.

To me za ki saya? Na farko sifaida, mai siraran ganye kamar ciyawa da farin layi, wadda ke sako 'ya'ya suna reto. Ba ta da guba, tana jure mantuwa, sai dai kyanwa na son tauna ta, don haka ki rataye ta sama. Sai areka, mai kama da ƙaramin kwakwa, tana cika kusurwar falo da kyau. A nan ki yi hattara: akwai wata mai kama da ita da ake kira sago, gajeruwa mai taurin ganye kamar matsefi, ita hanta take lalatawa. Kalatiya mai zanen ganye ma lafiya lau ce, amma hunturu na wahalar da ita, sai kina yayyafa mata ruwa. A tsakar gida kuwa, ni da za ki ji tawa, ki shuka ɗoɗɗoya da yakuwa da alayyafo. Ga kore, ga ƙamshi, ga miya, kuma in yaro ya tsinka ya kai baki hankalinki kwance.

Ki kula da tukunyar ita kanta. Ƙananan duwatsun ado da ake zubawa a sama suna shaƙe yaro, ki kwashe su. Kada ki ɗora tukunya mai nauyi a kan abin da zai iya jawowa idan ya fara miƙewa. Takin zamani da fiya-fiya a kulle su, kada a zuba su a robar lemo. Ruwan da ke taruwa a farantin ƙasa kuma a riƙa zubarwa saboda sauro.

Idan, Allah ya kiyaye, ya riga ya ci wani abu: ki cire abin da ke bakin, ki goge da tsumma mai ruwa, ki ba shi ruwa kaɗan in yana iya haɗiya. Kada ki sa masa yatsa don ya yi amai, kada a yi masa ɗuren manja, domin yana iya sarƙewa ya wuce huhu. In ruwan shuka ne ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. Idan ƙwaya ce ya ci, ko kariya, ko oliyanda, kada ki jira sai kin ga alama, ku tafi asibiti da reshen a hannu. Kyanwa kuma a kai ta wurin likitan dabbobi a ranar.

Ita kuwa kyautar aminiyarki, ki mayar mata cikin mutunci ki gaya mata dalili, musamman in ita ma tana da ƙanana a gida. In za ki taɓa karan, ki sa leda a hannu, ki wanke hannu kafin ki ɗauki yaron.