Gidan Muckross: Me Ya Sa Ba A Gyara Shi Da Siminti?

Tambaya: Ina karatun zanen gine-gine a Zariya. Malaminmu ya nuna mana hoton gidan Muckross na ƙasar Ayalan, ya ce masu gyaran irin waɗannan gidaje ba sa yarda da siminti. Mene ne darajar gidan, kuma ina laifin siminti?

Amsa: Malam, gidan yana kusa da garin Killarney, a bakin tabki. William Burn, mutumin Sikotilan, shi ya zana wa Henry Arthur Herbert, aka kammala shi a 1843 da ɗakuna 65. Salon Tudor ya bi: rufi mai tsini, dogayen bututun hayaƙi, da manyan tagogi da aka rarraba da ginshiƙan dutse. Sarauniya Victoria ta Ingila ta sauka a cikinsa a 1861. Daga baya bashi ya ci iyalin Herbert, gidan ya sauya hannu, har aka ba gwamnati shi kyauta a 1932 tare da filayensa, waɗanda suka zama gandun ƙasa na farko a Ayalan. Tsirarsa ma abin lura ce, domin manyan gidaje da yawa an ƙone su a yaƙin neman 'yancin Ayalan da yaƙin basasar da ya biyo baya, daga 1919 zuwa 1923.

Batun siminti kuwa, ruwa ne tushensa. Bangon gidajen wancan zamani dutse ne zalla mai kauri, an ɗinke shi da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Ruwan sama yana shiga bangon, amma yana fita ta kwaɓin idan iska ta kaɗa. Siminti ba ya barin laima ta fita, kuma ya fi kwaɓin asali tauri, sai ya tsage, ruwa ya bi tsagin ya maƙale a ciki. Abin da ke faruwa ke nan idan aka yaɓe ginin tubali da siminti a Kano: fuska lafiya, ciki yana jiƙa har yaɓen ya ɓanɓaro.

A Ayalan ɓarnar takan sauka kan katako. Da zarar danshin itace ya haura kashi 20 cikin 100, funfunar da ke cin katako tana iya kamawa, ta bi bayan yaɓe ta cinye bakin azarorin da ke cikin bango, ba wanda ya gani sai daɓe ya fara lotsawa.

Shi ya sa mai gyara na ƙwarai daga sama yake farawa. A duba fale-falen dutsen rufi, domin ƙusoshin ƙarfe sukan yi tsatsa su sake su. Da na jan ƙarfe ake mayewa. A duba darmar da ke kwarin rufi, a kwashe ganye daga indararo. Sannan a ƙwaƙule simintin da aka cusa a gaɓoɓin da ke tsakanin duwatsun bango da hannu, ba da inji ba, zurfin ninki biyu na faɗin gaɓar. Kwaɓin da aka saba shi ne awo ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai tsakuwa. A jiƙa bango kafin a cusa, a lulluɓe da buhun algarara mai ɗanshi ya bushe a hankali. Ba a aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius.

Kuma dokar tsare-tsaren gine-gine ta Ayalan ta hana sauya kamannin ginin tarihi da hukuma ta ba kariya sai da izinin ƙaramar hukuma, ko da canza taga ne.